Ta Wane Hannu Motar Ta Fito

A shekararmu ta uku a Alƙahira surukina ya zo aikin ido. A lokacin muna zaune a Hadayek el-Maadi, hawa na biyu na wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa na metro, ɗaki biyu da falo da ɗan baranda inda nake shanya. Maigidana yana karatun shari'a, ni kuma ina zuwa makarantar koyon Larabci da safe, in dawo in ɗora tukunya. Shekarar 2012 ce, bayan juyin da aka yi a ƙasar, lokacin da 'yan sandan kan hanya suka yi ƙaranci a unguwanni irin tamu, kowa yana tuƙi yadda ya ga dama.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Tun yana saurayi yake ɗaukar hatsi da albasa daga Gusau zuwa kudu, ya dawo da goro da manja. Ba tsufa ne ya sauke shi daga mota ba, yanar ido ce. Da ya lura fitilar motar da ke zuwa tana baje masa kamar an watsa nono a gilashi, da kansa ya kai wa mai motar makulli, ba wanda ya ce ya kai. Maigidana ɗan farinsa ne, saboda haka ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "yaron nan." Ni kuma "'yar nan." Akwai kunya mai nauyi tsakanin uban da ɗan, har ta kai idan Baba yana son a ƙara masa bargo, ni zai gaya wa in gaya wa ɗansa, alhali ga su zaune a falo ɗaya.

Idon dama aka fara yi wa aiki, aka rufe shi da bandeji. Na hagu ma yana da yanar, amma yana gani da shi daidai gwargwado. Baba ba mai son zaman ɗaki ba ne, sai ya mayar da barandar wurin zamansa. Yakan jingina da ƙarfen yana kallon titin da ke ƙasa da idon nan guda, yana yi mini sharhi ina yanka albasa. Ya ce direbobin Masar suna da hannu, amma ba su da haƙuri. Cikin 'yan kwanaki ya san titin fiye da ni. Shi ya gaya mini ma cewa titin namu wanwe ne, duk mota daga wajen kasuwa take fitowa ta nufi tasha. Ni da nake tsallaka shi kullum ban taɓa kula ba.

Ranar da likita ya ce a koma ya duba idon ta zo daidai da jarrabawar baka ta maigidana, wadda ba a ɗagawa. Asibitin idon ba nisa, tsallaken titi ne da 'yar tafiya kaɗan, sai aka tsaya a kan ni zan raka shi. Muka sauko da hantsi. A bakin titi na miƙa masa gefen mayafina ya riƙe, tunda na san ba zai kama hannun surukarsa ba. Ya girgiza kai, ya ce in wuce gaba kawai, yana ganin launin mayafin, zai biyo ni. Motoci suna fake a gefe da gefe, sai ka ratsa tsakaninsu kafin ka fita sarari. Na duba, na tsallaka. Ina sa ƙafa a ɗaya gefen na ji ƙarar birki da wani sauti mara ƙarfi, kamar an yar da buhu.

Da na juya, Baba yana ƙasa a kan gefensa, hularsa ta gangara ƙarƙashin wata mota. Wata tsohuwar farar mota tana tsaye dab da shi, hancinta yana kallon kasuwa. Wannan na gani da idona, kuma shi kaɗai na gani. Bugun kansa ban gan shi ba.

Nan da nan mutane suka taru, mai shagon ruwan rake da masu gadin benaye da matan da suka fito cefane. Wani ya kawo kujera, wata ta kawo ruwa da sukari. Baba bai suma ba. Salati yake yi a hankali, hannunsa ɗaya a kan bandejin idon yana kare shi, kamar ƙafar da ta karye ba tasa ba ce. Mai motar ya fito, wani mutum mai furfura a gefen kai, da tabarau da riga mai gajeren hannu. Samari biyu suka riƙe masa kwala suna zaginsa, shi kuwa ba abin da yake maimaitawa sai a taimaka masa a sa Hajji a mota. Aka ɗaga Baba aka kwantar da shi a kujerar baya, na zauna a gaba. Mutumin ya juya motar da ƙyar a cikin taron, muka bi titin ta hannun da ya dace, muka tafi asibitin gwamnati mafi kusa.

A lokacin ban san juya motar nan zai zama magana ba. Ni dai burina a isa.

Ƙashin ƙauri ne ya karye, sai ƙujewa a kafaɗa. Idon bai taɓu ba. Aka ɗaure ƙafar da farin abin nan mai tauri da Misirawa ke kira gibs, tun daga yatsu har saman gwiwa. A asibitin akwai wani ɗan ɗaki da ɗan sanda yake zama saboda irin wannan, shi ya kira ni ya buɗe abin da suke kira mahadar, wato rubuta bayanin abin da ya faru. Larabcina na kasuwa ne, amma ya isa. Ya tambaye ni ko na ga lokacin da motar ta buge shi, na ce a'a, ji na yi. Ya tambaye ni me na gani da na juya, na ce na ga motar tana kallon kasuwa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce yanzu ina motar take. Na ce tana ƙofar asibiti, ita ta kawo mu. Ya ɗan ɗaga kafaɗa ya ci gaba da rubutu. Daga nan aka wuce da mai motar ofishin 'yan sanda.

Maigidana ya iso bayan azahar, littafinsa yana hannu. Da ya ga ƙafar mahaifinsa ya juya ya fuskanci bango ya daɗe a haka. Da ya ji kuma an rubuta sunayenmu a wurin 'yan sanda, sai wata damuwar ta hau kan ta farko. Fasfonsa yana ofishin da ake sabunta iƙama, wato izinin zama, tsohuwar ta ƙare, sabuwar ba ta fito ba. Kusan kowane ɗalibi yakan shiga wannan hali duk shekara, kuma a cikinsa ba wanda yake son ko wucewa ta gaban ofishin 'yan sanda.

Da aka sallame mu, ɗalibai 'yan uwansa suka ɗauki Baba a kan kujerar roba suka hau da shi bene. Gidan ya cika da masu dubiya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, wasu tun daga unguwar Arba wa Nus mai nisa. Da yake yawancinsu masu karatun shari'a ne, ba a jima ba dubiya ta koma darasi. Ina kicin ina jin su. Wannan ya ce malamai sun yi bayanin mahayin dabba, abin da ta taka da ƙafafun gaba yana wuyansa, kuma mota a yau ita ce dabbar. Wancan ya ce sai an duba ko wanda aka buge ya yi sakaci. Wani ya kawo bambancin kuskure da ganganci, wani ya shiga lissafin diyyar ƙashi idan ya warke daidai da idan ya warke a karkace. Baba yana kwance a kan katifa a tsakiyarsu yana saurare, yana jin daɗin yadda yaran suka san littafi. Da aka tambaye shi ra'ayinsa, ya ce shi dai tausayin mai motar yake ji. Ya ce duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san abin da mutumin nan yake ji a cikinsa yanzu, ko abinci ba zai iya haɗiya ba. Ya ce in an zo neman yafiya ya yafe tun kafin a tambaya.

Mun sami labari an kai mai motar gaban niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, sun sake shi ya koma gida kafin a ga yadda ƙafar za ta yi. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Tun ranar farko ya aiko matarsa da ƙanwarta da kwandon lemo da mangwaro, kuma shi ya ɗauki nauyin magani, ba mu roƙa ba. Shi kansa dai bai zo ba.

Wanda ya zo shi ne wan matarsa, lauya, mai ƙiba da fara'a, yana ƙamshin turare. Ya zauna a falonmu ya sha shayi, ya yabi Najeriya, ya yabi ɗalibai masu barin ƙasarsu don ilimi. Maigidana yana jin Larabcin littafi sarai, amma idan Bamisire ya saki harshe da sauri nakan riga shi kamawa, kuma ko ba haka ba, ba zai iya tsayawa yana fassara tsakanin mahaifinsa da baƙo ba. Saboda haka ni ce tafinta. Lauyan ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce a dokarsu wanda ya ji wa mutum rauni da mota bisa kuskure ana iya gurfanar da shi, amma idan wanda aka ji wa raunin ya je ya ce an yi sulhu, maganar ta mutu. Ya ce abin da suke roƙo ke nan, kuma za su ci gaba da kula da Hajji har ya taka. Na fassara. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, a sa rana.

Da a nan lauyan ya tsaya, da an gama. Amma sai ya ƙara, cikin murmushi, kamar mai kwantar mana da hankali. Ya ce sulhun ma alheri ne gare mu, don ko an je kotu ba za mu sami komai ba. Surukinsa mai motar ya riga ya ba da bayani cewa a kan hannunsa yake tafiya a hankali, dattijon ne ya fito daga tsakanin motoci ya faɗo masa, kuma kowa ya ga idonsa a ɗaure yake, mutum ne da ba ya gani.

Maigidana ya ji, na ga yadda ya sunkuyar da kai, ya ɗan girgiza mini shi alamar in bar wannan. Baba kuwa ya juyo da idonsa na hagu gare ni.

"'Yar nan, me ya ce? Na ji ya yi magana mai tsawo."

Na duba maigidana, na duba Baba. Mutumin da aka yi maganar a kansa shi ne kaɗai a ɗakin bai ji ta ba. Sai na faɗa masa duka, yadda aka faɗe ta, ban rage ba ban ƙara ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya gyara kwanciya, ya ce in gaya wa baƙon ya gode da shayin da ya sha da mu, amma maganar sa rana a dakata. Ya ce shi ya duba hannun da mota take zuwa, ya ga ba komai, sannan ya sa ƙafa. Motar ta ɓangaren idon da aka rufe ta fito, ɓangaren da bai kamata mota ta fito ba.

"Wanwe ya biyo," in ji shi. "Na yafe masa ƙafata. Amma ban yarda a rubuta ni na faɗa masa ba."

Lauyan ya yi ta ma'alish, wato ban haƙurinsu, ya ce ai maganar takarda ce kawai, kowa haka yake faɗa a gaban hukuma, ba wanda zai sake karanta ta. Baba ya ce to in ba wanda zai karanta, gyara ta ba zai yi wuya ba. Mutumin ya tashi fara'arsa ta ragu. A bakin ƙofa ya ce wa maigidana, a hankali, shari'a a Masar tana da tsawo, kuma baƙo mai karatu ya fi kowa bukatar zaman lafiya da hukuma.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mana nauyi, ko da yake ba wanda ya yi faɗa da wani. Maigidana yana son a sa hannu a huta. Ba tsoro kaɗai ba ne, yana da hujja. Ya ce Allah ya san gaskiya, mu ma mun sani, mutumin ma ya sani, to me takardar 'yan sanda za ta ƙara? Ya ce wanda ya yi niyyar yafiya ba ya kafa sharaɗi. Amma ba zai iya faɗa wa mahaifinsa haka ba, sai ya faɗa mini a kicin, ni kuma in kai wa Baba da tuwon dare a cikin laushin harshe. Baba ya saurara, ya ce in gaya wa yaron nan ya yi haƙuri. Ya ce shekarun da ya yi a kan hanya, abin da ya tara bai wuce gida ɗaya da suna ba, kuma sunan shi ne ba a taɓa cewa ya yi ganganci a titi ba, a cikin mota ko a ƙasa. Ya ce da ya ga idonsa ya fara rauni ai da kansa ya sauka. Ba zai zo ƙasar mutane a rubuta shi makahon da ke faɗa wa motoci ba.

Na je wurin mai ruwan rake, tunda a gabansa aka yi. Ya tabbatar mini motar daga wajen tasha ta fito, ya ce duk unguwa ta sani, masu gudun cunkoson babban titi kullum suna yanke ta nan. Da na ce ko zai faɗi haka a gaban niyaba, sai ya shiga goge teburinsa. Ya ce madam, shi mai shago ne, idan ya tafi can ya wuni wa zai tsare masa injin? Ya cika mini kofi ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in kai wa Hajji. Ban ji haushinsa ba. A shekarar nan kowa yana gudun abin da zai haɗa shi da hukuma.

Haka aka zauna. Mu ba mu da shaida sai abin da na gani bayan an gama, su kuma ba su da sulhu. Baba ya ci gaba da kwanciya, ƙafar tana masa ƙaiƙayi a cikin gibs, yana sosawa da tsinken saƙa da maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ba shi. An cire bandejin idon dama, ya buɗe tar, har yana karanta lambar motoci daga baranda idan an fitar da shi shan iska.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigidana ya buɗe, sai ga malamin lissafin shi kaɗai, ba lauya, ba kwandon lemo. Ya rame. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ko da yake an nuna masa kujera. Baba ya daɗe yana kallonsa, don ranar ce ya fara ganin fuskarsa sosai. Aka gaisa. Na kawo shayi ba wanda ya taɓa.

Baba ne ya fara. Ya ce in tambaye shi ko yana tuƙi tun ranar. Mutumin ya ce a'a, motar tana ƙofar gida an rufe ta da tampol, metro yake bi. Baba ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Sannan ya ce in tambaye shi abu ɗaya.

"Ta wane hannu ka fito?"

Na fassara. Mutumin ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Daga wajen tasha," ya ce. "Na makara ne, babban titi ya cushe, na ce ɗan guntu ne, zan yanke. Na sha yin haka. Ban gan ka ba sai da na ji ka."

Ya ce ranar a ofishin 'yan sanda kansa ba ya aiki, wan matarsa ya gaya masa abin da zai faɗa, ya faɗa. Ya ce tun daga ranar idan ya tsaya gaban allo yana koyarwa sai maganar ta faɗo masa. Na mayar wa Baba da Hausa.

Na ɗauka shi ke nan, Baba ya ji abin da yake so. Amma ya ce ya gode, kuma ya san faɗin haka ba sauƙi, sai dai ba a falon nan aka rubuta waccan maganar ba. Inda aka rubuta ta, can za a gyara. Malamin ya mayar da tabarau idonsa. Ya ce in gaya wa Hajji sulhu yana kashe maganar rauni ne kawai, bin wanwe laifi ne dabam tsakaninsa da hukuma, idan ya amsa shi da bakinsa za a hukunta shi a kai, kuma shi ma'aikacin gwamnati ne. Baba ya ce ya sani, shi ma direba ne. Ya ce ba zai tilasta masa ba, kuma ko ya gyara ko bai gyara ba, ba zai bi shi kotu ba, ba ya neman ko kwabo. Hannu ne kawai ba zai sa a ƙarƙashin waccan maganar ba. Mutumin ya zauna har aka kusa kiran magariba, sannan ya sha shayin da ya huce, ya ce zai zo ya ɗauke mu ranar Lahadi.

Da tasi ya zo. Shi da maigidana suka sauko da Baba a kan kujerar roba, suna hutawa a kowane kwana na matattakala. Maigidana ya saka takardar shaidar makaranta a aljihu, ya yi ta addu'a a hanya, amma har muka fito ba wanda ya tambaye shi iƙama. Ofishin niyaba cike yake da mutane, masu ankwa da masu kuka da masu sayar da shayi. Lauyan yana can yana jiranmu, fuska a ɗaure, bai gaishe da surukinsa ba. Muka daɗe a kan benci kafin a kira mu.

Jami'in saurayi ne, da alama bai yi barci sosai ba. Malamin ya ce yana so ya gyara bayaninsa, ya faɗi ta inda ya fito. Jami'in ya tambaye shi ko ya san abin da hakan yake nufi, ya ce ya sani. Magatakarda ya rubuta layi biyu ko uku ba tare da ya ɗago kai ba. Abin da muka yi makonni muna ɗauke da shi bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Baba ya ce a karanta masa. Jami'in ya ɗan yi mamaki, amma ya sa aka karanta, na fassara kalma bayan kalma. Sannan aka tambayi Baba ko ya yi sulhu da wannan mutum da yardarsa, ba wanda ya matsa masa. Ya ce ya yi. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, yana kallon kowane harafi.

Maganar rauni ta mutu a ranar. A kan bin wanwe an ci malamin tara, kuma an riƙe lasisinsa na wani lokaci. Matarsa ce ta gaya mini daga baya, ba da fushi ba, ko da yake ta ce ɗan'uwanta ya daɗe ba ya shiga gidansu. Ba mu zama abokai da su ba. Malamin ya zo sau ɗaya ranar da aka cire gibs, ya tsaya yana kallo Baba yana gwada taka ƙasa da sanda, daga nan sai gaisuwar salla ta waya, ita ma ta yanke da muka canja gida.

Ni da maigidana har yau ba mu daidaita a kan abin ba. Shi yana ganin an sa bawan Allah ya sha hukuncin da yafiya za ta iya ɗauke masa, kuma an sa mu cikin haɗarin da ba dole. Ni ina ganin ranar da malamin ya sauko matattakalar niyaba ya fi sauƙin numfashi a kan ranar da ya zauna a falonmu. Mukan tayar da maganar lokaci-lokaci, kowa ya faɗi nasa, mu bar ta.

Ƙafar ta sa an ɗaga aikin ido na biyu har sanyi ya shigo, don haka Baba ya yi azumi da babbar salla tare da mu, abin da bai shirya ba. Ya koyi cin ful, dafaffen waken Misirawa, da safe, ya ƙi molokiya har ya tafi, wai miyar kuka ce da ba ta yi sa'a ba. Ƙashin ya haɗe, amma ya bar masa ɗan ɗingishi, kuma idan gari ya yi sanyi yakan yi masa tsami. Da zai koma gida ya sa na raka shi kasuwa ya sayi takalma masu taushi da casbaha ta tsaraba ga abokansa na tasha. A filin jirgi aka kawo masa keken guragu ya ce ba ya so, zai taka. Muka tsaya a bayan gilashi muna kallonsa yana tafiya da sandarsa a cikin layi, jakar tsarabar a kafaɗa, har ya miƙa fasfo aka buga masa ya shige.